Darasi na Tara: Yadda Ɓeran Daji Ya Zama Ɗan Birni

Duk wanda ya taɓa kwana a ɗakin da aka jibge buhunan hatsi, ko ya yi tsaron shago a kasuwa har dare ya raba, ya san cewa idan mutane suka kashe fitila suka kwanta, akwai waɗansu mazauna gidan da a lokacin ne garinsu ke wayewa. Sai ka ji ƙwaraf-ƙwaraf a bayan randa, ka ji gudu a cikin silin kamar ana sukuwa, da safe kuma ka tarar da gindin buhu a huje, sabulu da shatar haƙori, ga 'yan baƙaƙen kashi warwatse a kan faifai. Kanawa suna ce masa ɓera, Sakkwatawa da 'yan'uwanmu na Nijar suna ce masa kusu, kowa kuwa ya san shi sani irin na maƙwabtaka, amma kaɗan ne suka taɓa tsayawa suka tambayi kansu yadda aka yi dabbar da Allah Ya halitta a daji, tana haƙa rami a gindin sabara tana cin 'ya'yan ciyawa, ta wayi gari ta fi jin daɗin zama a tsakiyar birni, inda hayaniya da sawun mutane suka kori barewa da zomo tun da daɗewa. Wannan ita ce mas'alar darasinmu, kuma da yake ku manya ne, masu gidaje da shaguna da rumbuna, ina roƙonku ku riƙa auna abin da za ku karanta da abin da idanunku suka gani a gidajenku.

Da farko ya kamata mu san dangin baƙon namu. Masana ilmin dabbobi sun tattara ɓera da gafiya da kurege da gyazbi da beguwa a zuriya ɗaya, wadda za mu iya kira masu gaigaya, zuriya ce kuwa mai yawan gaske, ta haura iri 2,000, har an ƙiyasta cewa cikin kowane iri goma na dabbobi masu shayarwa kimanin huɗu nata ne. Jaɓa ba ta cikinsu, ko da yake kama ta sa ana haɗa ta da su. Ita ƙwari take bi, irin su kyankyaso da gyare, ba hatsi ya kawo ta gida ba. Alamar da ta haɗa zuriyar ita ce haƙoran gaba guda huɗu, biyu sama biyu ƙasa, waɗanda ba su daina tsiro har mutuwa, na ɓera ma da ba don yana cinye su da gaigaya ba da sun ƙaru fiye da santimita 10 a shekara. Kuma daga cikin hikimar Mahalicci, fuskar haƙorin ta waje ta fi ta ciki tauri, saboda haka duk sa'ad da ya ciji abu sai cikin ya riga wajen cinyewa, bakin ya fita da kaifi kamar gizagon da ke wasa kansa. Da wannan makami yake fasa ƙwallon itace a daji, da shi kuma yake huda ƙyauren katako da robar ajiye gari da bawon wayar lantarki a birni.

Sai dai ba duk dangin ne suka sami shiga gari ba. Beguwa babba ce, haihuwarta kaɗan, mafarauta kuma suna son namanta. Gyazbi ba ya rabuwa da ciyawar fadama da gonar rake. Kurege, duk da wayon da tatsuniya ta ba shi, da rana yake yawonsa, lokacin da yara da karnuka suke ido biyu, don haka ya tsaya a bayan gari da gefen maƙabarta. Waɗanda birni ya karɓa su ne masu ƙaramin jikin da zai ɓuya a tsagar bango, masu fita da dare, marasa zaɓen abinci, masu haihuwa ba ƙaƙƙautawa. Gafiya ce kaɗai babbar da ta kutsa cikinsu, don takan haura kilo guda, amma dare ya rufa mata asiri, kuma Allah Ya yi mata jakunkuna a kumatu da take cusa gyaɗa da ƙwallon dabino ta kai rami ta ci a natse, abin da ya sa Hausawa ke ce mata ta tsira da na bakinta. A daji tsohon suri take nema ko gindin itace. A gari sai ta maye gurbinsu da kwalbati da kango da ƙarƙashin daɓen bayan gida.

Zaman ɓera da ɗan Adam ba na jiya ba ne. Masu binciken kufai sun tona tsofaffin matsugunai a ƙasar Sham, wajen kwarin Kogin Urdun, suka tarar da haƙoran ƙaramin ɓeran gida a wuraren da aka zauna kimanin shekara 15,000 da suka shuɗe, tun mutane ba su fara noma ba, suna dai tara 'ya'yan ciyawar daji suna ajiyewa. Abin lura kuwa shi ne, a zamanin da mutanen wurin suka zauna dindindin ɓeran gida yakan rinjayi wani ɗan'uwansa na daji, a zamanin da suka koma yawo kuma sai na dajin ya dawo. Wato tun ranar da mutum ya fara ajiya ya sami abokin ci. Daga baya wasu biyu suka biyo sahu. Baƙin ɓera, mai doguwar wutsiya da manyan kunnuwa, gwanin hawan azara da igiya, asalinsa ƙasar Hindu, ya bi jiragen ruwan fatake ya karaɗe duniya. Ƙaton nan mai ruwan ƙasa kuwa, mai gajeren kunne, gwanin iyo da haƙa, daga arewacin Sin da Mongoliya ya fito, bai cika Turai ba sai a ƙarni na 18, yau shi ne sarkin magudanan ruwa na ƙarƙashin Landan da Faris, a nahiyarmu kuma ya fi yawa a garuruwan bakin teku. Babu ɗaya daga cikinsu da ya yi wannan doguwar tafiya da ƙafarsa; a cikin kayanmu muka ɗauko su.

Wanda yake son ganin wannan al'amari a kusa, to ya dubi birnin Yamai. Waɗansu masana na Nijar da na Faransa sun ɗana tarkuna a wurare fiye da 50 cikin birnin, suka bayyana abin da suka samu a shekarar 2014, sai ga shi ɓerayen sun raba gari tsakaninsu kamar yadda masu sana'a ke raba layukan kasuwa. A lambunan bakin kogi, inda ake noman rani, ɓeran ciyawa ne da gafiya. A galibin gidajen unguwanni kuwa wani ɗan ƙasa ne ya mamaye, wanda masana ke kira Mastomis, mu kuma za mu ce masa ɓera mai yawan nono, domin macensa takan kai nono 24, takan kuma zuba 'ya'ya goma ko fiye a haihuwa ɗaya. Asalinsa ɓeran gona ne, ya shigo gida ya zauna. Amma a tsakiyar gari da wuraren ciniki da masana'antu, inda manyan motoci ke sauke kaya daga bakin teku, baƙin nan biyu aka tarar, wato baƙin ɓera da ƙaramin ɓeran gida, kuma inda suka kafu da wuya a ga ɗan ƙasar. Wannan yana koya mana cewa ɓeran da ke sito a kasuwa da wanda ke ɗakin uwargida ba lalle ba ne su zama iri ɗaya, alhali kuwa mu suna ɗaya muke kiransu, magani ɗaya muke saya musu.

To, me birni ya ba su da daji ya hana su? A daji rayuwar ɓera tana rataye da damina: ya yi ƙiba da kaka, ya hayayyafa, sa'an nan rani ya zo da yunwa da gobarar daji, mujiya na jiransa da dare, shaho da rana, maciji kuma ya bi shi har cikin rami, ta haka yawansa ke komawa daidai da abin da ƙasa za ta iya ɗauka. A birni kuwa kaka ba ta ƙarewa, domin kullum akwai ragowar tuwo a kwano, akwai tsabar da ta zube a wurin injin niƙa, akwai juji a bakin layi, ga ruwan kwata ko da tsakiyar bazara, maƙiyansa kuma mun kore su da hannunmu. Cikin macen ɓera mako uku ne da 'yan kwanaki, tana iya ɗaukar wani kwana ɗaya ko biyu bayan ta haihu, 'ya'yan kuma kafin wata uku sun isa haihuwa; mai hankali ya yi lissafin abin da zai faru idan babu ranin da zai tsayar da wannan. Yalwar abinci ta kuma rage masa tafiya. Wani masani mai suna David Davis, wanda ya yi shekaru yana nazarin ɓerayen birnin Baltimo na Amurka a ƙarshen shekarun 1940, ya kama su ya yi musu alama ya sake su, sai ya ga mafi yawansu ba su wuce 'yan mitoci goma-goma daga raminsu, kuma da ƙyar suke ƙetare titi. Ma'anar wannan ita ce, ɓeran da ya dame ka ba daga wata unguwa mai nisa yake zuwa ba. A gidanka yake ci, ko a gidan maƙwabcinka.

Na taɓa zama da wani dattijo mai sayar da gero da dawa a wata kasuwar hatsi, mutumin da bai taɓa shiga aji ba, amma abin da ya nuna mini a cikin sitonsa ya fi abin da na karanta zama a zuciyata. Ya ɗauki tocila ya haska gindin bango, sai na ga wani baƙin zane mai maiƙo ya bi bangon tiryan-tiryan har kusurwa, ya hau, ya kewaye ƙarƙashin azara. Ya ce, "Malam, ka ga hanyarsu. Kullum nan suke bi, jikinsu na gugar bango, ba su ratsa tsakar ɗaki sai dole." Na tambaye shi dalilin da ya sa tarkonsa ke ajiye da ƙuli-ƙuli a kai amma bai ɗana ba. Ya yi murmushi ya ce, "Ai ɓera ba ya taɓa baƙon abu ran da ya gan shi. In na ɗana yau, ƙarami marar wayo zan kama, manyan su gane. Sai na bar su kwana uku suna ci lafiya, ran na huɗu in ɗana." Haƙiƙa kowace kalma tasa tana da hujja. Idon ɓera ba shi da ƙarfi, da gashin baki da hanci yake gane hanya, shi ya sa yake manne wa bango, yana kuma haddace taswirar wurin zamansa har ya iya gudu cikin duhu ba tuntuɓe, saboda haka duk abin da ya sauya a kan hanyar, ko da gwangwani ne aka ajiye, sai ya tsargu da shi.

Abin da dattijon nan ya gano da tsawon zama, shi ne masanan Jami'ar Oksfod, cikinsu har da Dennis Chitty, suka tabbatar a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, sa'ad da Ingila ke tsoron ɓeraye su cinye abincin da ake shigowa da shi da ƙyar ta teku. Sun ga cewa babban ɓera yana ƙaurace wa sabon abu kwanaki, don haka suka shawarci mutane su fara ba shi abinci marar guba har ya saki jiki. Wannan tsarguwa tana da asali a halittarsa, domin ɓera ba ya iya amai, abin da ya shiga cikinsa ya shiga ke nan; saboda haka idan ya tarar da baƙon abinci sai ya ɗanɗana kaɗan ya jira, in cikinsa ya murɗa, ya yi hannun riga da wannan ɗanɗanon zamani mai tsawo. Bayan haka kuma masana a Kanada sun nuna cewa ɓera yana sansanar bakin ɗan'uwansa da ya dawo daga kiwo, ya gane abin da ya ci, ya fi karkata gare shi in ya tarar da shi, 'ya'ya ma suna sanin ɗanɗanon abincin uwa tun daga nono. Ta wannan hanya ilmin abin da ake ci a unguwa yake gudana daga manya zuwa ƙanana. Ƙaramin ɓeran gida shi kam ɗabi'arsa dabam ce, mai son bin diddigin sabon abu ne, ya taɓa nan ya taɓa can, shi ya sa tarkuna da yawa a lokaci ɗaya suka fi yi masa aiki.

Wannan duka koyo ne, wanda kowane ɓera ke yi a tsawon rayuwarsa. Akwai kuma sauyin da ya fi wannan zurfi, wanda ke bin jini daga iyaye zuwa 'ya'ya, kuma ina so ku natsu a nan, don shi ne wurin da ya fi wuyar fahimta a darasin. A shekarar 1948 aka fito da wata guba a Amurka mai suna wafarin, wadda ke hana jini daskarewa; fa'idarta ita ce ba ta kisa nan take, sai bayan kwanaki, saboda haka ɓera ba ya danganta ciwon da abin da ya ci, dabarar ɗanɗanonsa ta tashi a banza. Mutane suka ɗauka an gama da shi. Shekara goma kacal bayan haka, a 1958, aka tarar da ɓeraye a wata gona a Sikotland suna cin gubar suna ƙiba. Yadda abin ya faru kuwa kowane manomi zai gane shi, domin kun san idan aka yi fari a gona, 'yan zangarniyar da suka jure su ne ake ɗebe iri daga gare su, baɗi kuma gonar ta fi ta bana juriya. Haka nan a cikin dubban ɓeraye akwai 'yan kaɗan da Allah Ya halitta da wani ɗan bambanci a hantarsu, wanda gubar ba ta kama shi sosai. Da aka zuba guba sai sauran suka mutu, waɗannan suka rage da abinci da ramuka duka nasu, suka haifi masu kama da su. Mu muka zaɓa musu iri ba da saninmu ba. Daga nan aka ƙirƙiro gubobi masu ƙarfi a shekarun 1970, waɗanda ke daɗewa a hantar mushen, har kyanwa ko mujiyar da ta ci shi ita ma ta halaka.

Irin wannan sauyi na gado ba guba kaɗai ke kawo shi ba. A birnin Niyu Yok akwai wani ɓeran kurmi mai fararen ƙafafu, wanda yake nan tun kafin a gina birnin. Da gine-gine suka cinye dajin sai ya rage a cikin lambunan shaƙatawa, kowane lambu ya zama masa kamar tsibiri, tituna suka zama teku. Wani masani, Jason Munshi-South, da ɗalibansa suka bincika ƙwayoyin gadon waɗannan ɓeraye, suka ga na kowane lambu sun bambanta da na wani har ana iya gane inda aka kamo ɓera daga jininsa. A shekarar 2017 kuma suka ba da labarin alamun sauyi, tsakanin na birni da na ƙauye, a ƙwayoyin da suka shafi narkar da maiƙo da abinci mai gari, abin da ya dace da irin cimar da mutanen birni ke zubarwa. Har manyan ɓerayen tsibirin Manhatan an tarar na arewacinsa da na kudancinsa sun zama kamar zuriya biyu, domin unguwar ofisoshi da ke tsakani ba ta da gidajen kwana da yawa da za su ciyar da su.

Da ɓarnar ta tsaya ga hatsi da tufafi, da sai mu ce asarar dukiya ce, ana mayarwa. Abin da ya sa na ɗauki mas'alar da nauyi shi ne rai. Annobar nan da Larabawa ke kira ɗa'un, wani likita Bafaranshe, Paul-Louis Simond, ya nuna a Karaci a 1898 cewa ƙuma ce ke ɗauko ta daga ɓera ta kai wa mutum; ta kuwa sauka Ikko a 1924, ta yi shekaru tana kisa a unguwannin da suka cunkushe. Mu kuma a yau abin da ya fi kusa da mu shi ne zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganewa a 1969 a garin Lassa na ƙasar Borno, mai ɗauke da shi kuwa shi ne ɓeran nan mai yawan nono da muka ambata. Shi cutar ba ta kayar da shi, yawonsa yake yi lafiya lau yana zubar da ita cikin fitsari da kashi, a kan garin da aka shanya a bakin hanya, a cikin kwanon da aka bari buɗe, a ƙurar ɗakin da ake sharewa. Kuma ta fi tsananta da rani, lokacin da gonaki suka bushe aka ƙone ciyawa. Duk wanda zazzaɓi ya kama, ya sha maganin zazzaɓin cizon sauro bai ji sauƙi ba, to a gaggauta kai shi asibiti, don maganin wannan cuta ya fi aiki in an fara shi da wuri.

Addininmu bai bar mu cikin duhu a kan wannan maƙwabci ba. Ya tabbata a cikin Bukhari da Muslim cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi umurni da a rufe ƙorai, a ɗaure bakin salka, a kulle ƙofofi, a kashe fitilu idan za a kwanta, ya kuma ambaci ɓera da cewa yana iya jan lagwani ya ƙone gida da mutanensa. Fitilar mai ta ragu a birane, amma haƙorin da ke jan lagwani shi ne yau ke feƙe wayar lantarki a cikin silin, gobara ta tashi da tsakar dare. Malaman fiƙihu kuma, kamar yadda duk wanda ya karanta Risala ya sani, sun yi bayanin hukuncin man shanu ko zumar da ɓera ya mutu a ciki, suka bambanta narkakke da daskararre. Abin da nake so ku lura da shi a cikin wancan umurni shi ne, da rufe abinci aka fara.

A nan ne mafi yawanmu muke kuskure, domin da zarar ɓera ya dame mu sai mu aika yaro ya sayo shinkafar ɓera, mu ga mushe biyar da safe mu ce an huta. A 1902 Turawan mulkin Faransa a birnin Hanoyi na Biyetnam, bayan sun gina magudanan ruwa na ƙarƙashin ƙasa waɗanda suka zama wa ɓeraye gida da hanya, sun sa lada a kan kowace wutsiyar ɓera da aka kawo. Aka kawo wutsiyoyi dubbai, daga baya sai aka fara ganin ɓeraye guntaye suna yawo, aka kuma gano masu kiwonsu a bayan gari. A Baltimo ma, Davis da abokan aikinsa sun ga cewa layin da aka kashe ɓerayensa da guba yakan sake cika cikin 'yan watanni, domin waɗanda suka rage sun sami yalwa sun ƙara haihuwa. Amma layin da aka kwashe sharar, aka rushe ruɓaɓɓun shingaye, aka rufe abinci, yawansu ya sauka ya zauna a ƙasa. Yawan ɓerayen wuri gwargwadon abincinsa da maɓoyarsa ne. Hausawa sun ce in ɓera da sata, daddawa ma da wari, kuma a ganina kakanninmu sun fi mu aiki da wannan magana, don sun ɗora rumbu a kan duwatsu, sun shafe shi sumul, sun yi masa murfi, mu kuwa da muka shigo birni sai muka jingina buhu da bango a kan daɓe, muka zuba shara a bakin kwata. Ina kuma baƙin cikin yadda ake jifan mujiya saboda camfi, alhali guda ɗaya tana iya cin ɓeraye uku ko huɗu a dare ba ta nemi lada ba. Kyanwa tana da amfani ga ƙananan, amma ƙaton ɓeran kwata sau da yawa kallonsa kawai take yi.

Aikin da ke gabanmu ba ya bukatar kuɗi mai yawa. A zuba hatsi da gari a durom ko tukunya mai murfi, buhunan da ba su da wurin zuwa a ɗora su kan katako a janye su daga bango yadda mutum zai iya kewayawa, kada a kwana da kwanukan da ba a wanke ba, kada a shanya abinci a ƙasa inda ba mai tsaro. A bi gindin bango da bakin bututu a toshe da siminti, a buga gwangwani a ƙasan ƙyaure, a tuna cewa kafar da biro zai shiga ta ishi ƙaramin ɓera, wadda babban yatsa zai shiga kuma ta ishi babba. In ta kama a sa guba, a sa ta inda yaro da kaza ba za su kai ba, don an sha yin jana'izar yara a kan wannan sakaci; mushen kuma kada a taɓa shi da hannu, a ɗauke da shebur a binne. Tun da kuma mun ga ɓera ba ya nisa da raminsa amma bai san katangar da ta raba gidanka da na maƙwabci ba, lalle ne a kai maganar gaban mai unguwa, layi guda ya tashi rana ɗaya.

Kafin haɗuwarmu ta gaba, kowannenku ya tankaɗe toka mai laushi ya barbaɗa a gindin bangon madafa ko sito bayan sallar lisha, da asuba ya ɗauki fitila ya duba. Ku lura da girman sawun, da ko akwai jan wutsiya a tsakaninsa, ku bi shi ku ga inda ya fito da abin da ya nufa, sa'an nan ku yayyafa ruwa ku share tokar don kada ƙura ta tashi, ku wanke hannu da sabulu. Wanda ya iya rubutu ya rubuta abin da ya gani cikin layi biyar, wanda hannunsa bai faɗa ba tukuna ya zana, da shi za mu buɗe darasi na goma in Allah Ya kai mu.